Ƙunar Fomaika: Yadda Zafi Ke Ɓata Teburin Girki da Hanyoyin Gyara Shi a Gidan Haya

Gabatarwa

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano aka kuma mai da Dutse babban birninta, garin ya zama matattarar ma'aikata, waɗanda da yawa daga cikinsu a gidajen haya suke zaune. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya ƙara yawan masu neman haya. A unguwanni irin su Takur da Yalwawa da Ɗanmasara, sababbin gidaje da dama suna da ɗakin girki a ciki, da dogon tebur na katako da aka kafe a jikin bango, aka lulluɓe samansa da wani abu mai santsi da sheƙi wanda kafintoci ke kira fomaika.

A gidajenmu na gargajiya, idan uwargida ta sauke tukunya daga murhu, a ƙasa take dire ta, ƙasa kuwa ba ta ƙonewa. Wannan sabo shi ya biyo mu har cikin kicin na zamani, inda tukunya guda da aka dire a kan fomaika kan bar tabon da zai jawo sa-in-sa tsakanin mai gida da ɗan haya ranar tashi. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da fomaika ta ƙunsa, da yadda zafi ke ɓata ta, da irin ɓarnar da ke gyaruwa da wadda ba ta gyaruwa. Ginshiƙin darasin shi ne: fomaika takarda ce da ƙaro, ba ta da rai, ba ta warkewa, don haka sai an gane zurfin ƙuna kafin a zaɓi maganinta.

Mene ne Fomaika?

Asalin kalmar sunan kamfani ne, watau Formica. Wasu injiniyoyi biyu 'yan Amurka, Daniel O'Conor da Herbert Faber, su suka ƙirƙiro ta a 1912, suka kuma kafa kamfaninsu a birnin Sinsinati a 1913. Da farko ba don tebur aka yi ta ba. An yi ta ne don ta maye gurbin maika, wani ma'adini mai ƙyalli da ake sawa a cikin kayan lantarki domin ya tare wuta, kuma ma'anar sunan ke nan: madadin maika. Daga baya ne aka fara yi mata launi da zane ana shimfiɗa ta a kan tebura. A yau kamfanoni da yawa suna yin irinta, amma sunan na farko ya bi su duka, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu da suna omo.

Idan ɗalibi ya karɓi guntun fomaika a shagon kafinta ya dubi gefensa da madubin ƙara girma, zai ga kaurinsa bai wuce milimita 1 ba ko kusa da haka, amma hawa-hawa ne. A can ƙasa akwai falle-fallen takarda mai ruwan ƙasa, irin ta buhun siminti wadda masu tsire ke naɗe nama a ciki, an jiƙa su da ƙaron finol. A samansu akwai falle guda mai launi ko zanen katako, wanda aka jiƙa da ƙaron melamin. A bisa wannan kuma akan ɗora wata siririyar takarda wadda ke zama garau kamar gilashi idan ta sha ƙaro, ita ce garkuwar zanen. Sai a haɗa su duka a gasa a zafin da ya haura digiri 120 a ma'aunin Salshiyas, ƙarƙashin matsin da ya wuce kilogiram 50 a kan kowane murabba'in santimita. Kwatankwacin wannan matsi shi ne a ɗora buhun siminti guda a kan wurin da bai fi farcen ɗan yatsa ba.

Wannan falle shi kafinta ke mannawa da gam a kan filawud ko katakon da aka yi da garin itace. Ashe ke nan teburin girki abu uku ne: fomaika, da gam, da katako. Kowanne daga cikinsu da irin yadda yake karɓar zafi.

Itacen da ke Ɓoye a Ciki

Kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin fomaika takarda ce, takarda kuwa daga itace take. Ɗaliban ilmin halittu sun san cewa kowace ƙwayar halitta ta tsiro tana da bango, kuma abin da aka gina bangon da shi shi ne selulos, wanda masanin Faransa Anselme Payen ya gano a 1838. Selulos doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukarin gulukos, dubbai a jere. Zaren auduga kusan selulos ne zalla. A cikin itace, wani sinadari mai suna liginin shi ke ɗaure zaruruwan selulos, ya ba icce tauri. Masu yin takarda sukan dafa gutsattsarin icce da sinadarai su cire yawancin liginin, su bar zaruruwan.

Selulos yana da halaye biyu da suka shafi darasinmu. Na farko, yana son ruwa: yana tsotsar laima daga iska ya kumbura, idan iska ta bushe ya saki laimar ya tsuke. Na biyu, da yake asalinsa sukari ne, zafi mai tsanani yana kore ruwan da ke cikin gininsa ya bar gawayi, kamar yadda sukari ke yin ja sannan ya yi baƙi a cikin kasko. Wannan rushewa tana yin ƙarfi ne daga wajen digiri 250 zuwa sama, amma launi kan fara sauyawa tun kafin nan.

Ƙaro Iri Biyu: Na Kakin Zuma da Na Ƙwai

Robobi da ƙaron da masana'antu ke yi sun kasu gida biyu. Kashi na farko halinsu irin na kakin zuma ne ko man shanu: zafi ya narkar da su, sanyi ya daskarar da su, a kuma maimaita sau da yawa. Bokitin roba da leda suna cikin wannan kashi, shi ya sa ake narkar da tsofaffinsu a yi sababbi. Kashi na biyu halinsu irin na ƙwai ne. Idan aka dafa ƙwai, furotin ɗin da ke cikin farinsa yakan warware ya sarƙe da juna, ya daskare, kuma babu sanyin da zai mai da shi ɗanye. Idan aka ƙara masa wuta ba zai narke ba, sai dai ya ƙone.

Ƙaron finol da na melamin 'yan kashi na biyu ne. Leo Baekeland, ɗan asalin Beljiyam mazaunin Amurka, shi ya fara haɗa ƙaron finol a 1907, ta hanyar dafa finol da fomaldihaid. Wannan fomaldihaid shi ne sinadarin da ke cikin ruwan fomalin da muke adana kwaɗi da ƙadangaru a ɗakin gwaje-gwaje. A lokacin gashi a masana'anta, ƙwayoyin ƙaron suna ƙulla hannu ta kowane ɓangare su zama raga guda. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi; fomaika ta riga ta bushe tun a masana'anta, saboda haka ba za a narkar da wurin da ya ƙone a shafe shi ba.

Amma gam ɗin da ke ƙarƙashinta daban yake. Yawancin kafintocinmu suna amfani da gam mai ruwan ɗorawa mai ƙarfin wari, irin su Evo-Stik, wanda aka yi da robar niyofirin. Wannan gam yana yin laushi idan ya ji zafi, ya sake kamawa idan ya huce. Wannan hali shi ne rauninsa, kuma shi ne ƙofar gyara, kamar yadda za mu gani.

Wane Zafi ne Ke Ɓarna?

Masu yin fomaika suna gargaɗin kada a ɗora mata abin da zafinsa ya wuce kimanin digiri 135, kuma kada ta daɗe a zafin da ya wuce kimanin digiri 65, domin daga nan gam ke fara saki. Bari mu auna wannan da abubuwan da ke ɗakin girki.

Ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 100, kuma muddin akwai ruwa a tukunya, abin da ke ciki ba zai wuce haka da yawa ba. Don haka tukunyar tuwo ko ta miya ba kasafai take babbake fomaika ba, amma tana riƙe da zafi mai yawa na tsawon lokaci. Lita 5 ta tafasasshen ruwa, kafin ta huce zuwa digiri 30, za ta saki zafi jul 1,470,000, watau 5 sau 4,200 sau 70. Wani kaso na wannan zafi ta gindin tukunya yake bi, ya ratsa fomaika ya kai ga gam.

Man suyar ƙosai ko na nama yana kaiwa digiri 170 zuwa 190. Kaskon da aka manta a kan wuta babu komai a ciki yana iya wuce digiri 300. Dutsen guga a ƙarshen zafinsa yana kaiwa wajen digiri 200. Garwashin da ya faɗo daga kurfoti ko kaskon turaren wuta, da kan taba sigari, da kan igiyar maganin sauro, duk suna da zafin ɗaruruwan digiri.

Akwai kuma batun gudun zafi. Alminiyam, wanda ake yin yawancin tukwanenmu da shi, yana wuce da zafi fiye da katako sau dubu da wani abu. Tukunya tana zuba zafi da sauri, fomaika da katako kuwa ba sa iya watsa shi gefe, sai ya taru a wuri guda. Dalilin ke nan da ya sa tabon ke fitowa da siffar gindin tukunya sak.

Ƙuna Mataki Uku

Likitoci sun kasa ƙunar fatar mutum bisa ga zurfinta. Ta farko a fatar sama take tsayawa, wurin ya yi ja. Ta biyu tana kaiwa fatar ciki, ruwa ya taru ya yi bororo. Ta uku tana cinye fata gaba ɗaya. Ana iya kasa ƙunar fomaika a kan wannan tsari.

Mataki na farko shi ne dusashewa: sheƙi ya tafi, ko wurin ya yi fari-fari, ko rawaya mai haske, amma idan an shafa da yatsa sumul yake. Ɓarnar a garkuwar sama kaɗai take.

Mataki na biyu shi ne ɗagowa, kuma iri biyu ce. A iri na farko gam ne ya saki, fomaika ta rabu da katako ta yi tudu mai faɗi; idan an danna yana lotsawa, idan an ƙwanƙwasa yana ƙara kamar ganga. A iri na biyu fomaikar ce da kanta ta yi bororo. 'Yar laimar da ke cikin takardunta ta zama tururi, ruwa kuwa idan ya zama tururi girmansa kan ninka kusan sau 1,700, sai ya raba falle da falle, kamar yadda ƙwayar masara ke fashewa ta zama gugguru. Irin wannan bororo ƙanana ne, masu tauri, idan an danna da ƙarfi sai su fashe.

Mataki na uku shi ne babbakewa: wurin ya yi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, ya yi kaushi ko rami, wani lokaci har katako ya bayyana.

A nan kamancen ya ƙare. A ƙarƙashin fatar sama ta mutum akwai ƙwayoyin halitta masu rai da ke rabuwa kullum suna tura sababbi sama, har fatar ta sabunta cikin kimanin wata guda. Ƙwayoyin da suka yi takardar fomaika sun daɗe da mutuwa. Abin da muke kira gyara, ashe ɗayan uku ne: a kankare, ko a sake mannawa, ko a cike gurbi.

Gyaran Mataki na Farko

A wanke wurin da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe, domin sau da yawa abin da ake zato ƙuna ce baƙin gindin tukunya ne ko maiƙon da ya soye. Idan tabon yana nan, a kwaɓa garin soda irin na masu gasa kek da ruwa kaɗan, ko a ɗebi farin man goge baki, a shafa a bar shi 'yan mintoci, sannan a goga a hankali da tsumma mai laushi. Waɗannan abubuwa suna ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu ɗan kaushi da ke kankare saman da ya canza launi. A fara gwadawa a wani lungu da ba a gani.

Idan an yi sau biyu ko uku tabo bai ragu ba, a dakata, domin ƙunar ta kai ga takarda mai launi. Garkuwar sama siririya ce ƙwarai. Wanda ya dage da guga zai huda ta, ya mai da ƙaramin tabo babba. Kada a yi amfani da soson ƙarfe, ko toka, ko yashi, ko kanwa, wadda ba ta rabuwa da tsakuwa. Haka kuma a nisanta sodar yin sabulu da ruwan batir, domin suna cin melamin.

Gyaran Mataki na Biyu

Idan gam ne ya saki, zafin da ya kawo cutar shi ne maganinta. A shimfiɗa tsumman auduga a kan tudun, a sa dutsen guga a mafi ƙarancin zafinsa, watau wajen digiri 110 zuwa 120, babu tururi. A riƙa zagaya shi a kan tsumman na daƙiƙa 15 zuwa 20, kada a tsayar da shi wuri guda. Sai a ɗauke, a danna wurin da ƙarfi daga gefe zuwa tsakiya, a ɗora katako mai faɗi, a danne shi da bulo ko jarkar ruwa har kwana guda. Mai amfani da dutsen guga na gawayi ya bari ya huce sosai. Idan ɗigon ruwa ya dunƙule yana gudu a kansa kamar dutsen ado, zafin ya yi yawa.

Idan tsohon gam ya mutu, sai a sa sabo. In a bakin tebur ne, a ɗaga fomaikar a hankali da wuƙa, a kakkaɓe ƙura, a tabbata katakon a bushe yake. A shafa gam siriri a fuskokin biyu, a tokare da tsinke, a jira minti 10 zuwa 15 har gam ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a danne. Gaggawar haɗawa ita ce kuskuren da aka fi yi, domin ruwan da aka narkar da gam a ciki bai gama fita ba, sai ya maƙale ya sake tayar da tudu. In kuwa a tsakiyar tebur ne, kafinta zai huda ƙaramin rami, ya ɗura farin gam na katako da sirinji, ya danne, ya goge abin da ya fito, ya shimfiɗa leda sannan ya ɗora nauyi.

Wajibi ne a yi hattara da gam mai wari. Tururinsa yana kama wuta, don haka a kashe risho da gas, a buɗe taga da ƙofa. Sinadaran da ke cikinsa dangin na sholisho ne, shaƙarsu tana illa ga ƙwaƙwalwa. A ɓoye gwangwanin daga yara.

Bororon da ke cikin fomaika kuwa ba ya kwanciya da guga, domin ƙaron da ya tsage ba ya sake haɗewa. Hukuncinsa ɗaya da na mataki na uku.

Gyaran Mataki na Uku

Idan ramin ƙarami ne, kamar girman ƙwayar gyaɗa, a kankare baƙin da tsinin wuƙa har a kai ga wuri mai lafiya, a share. A kwaɓa gam mai bututu biyu, irin su Araldite, a ɗiga masa ɗan fenti mai launin teburin, a cike ramin, a daidaita da reza, a bar shi ya kwana. A zagaye ramin da salatif tukuna don kada gam ya ɓata gefe. Wurin ba zai ɓace wa ido ba, amma ruwa ba zai shiga ba, wannan kuwa shi ne muhimmi.

Idan ƙunar ta kai faɗin gindin tukunya, hanya biyu ce. Kafinta zai iya yanke wurin murabba'i, ya fafe katakon kaɗan da cizal, ya dasa tayil guda a gurbin, ya toshe gefensa; ta haka wurin ɓarna ya zama mazaunin tukunya. Ko kuma a ɓamɓare fallen gaba ɗaya a sa sabo. Fomaika tana zuwa ne a falle mai ƙafa 4 da ƙafa 8, kuma da wuya a sami launin da ya yi daidai da tsohuwa, saboda haka faci da guntu kan fito fili. Akwai kuma allunan da ake kira MDF da HDF, waɗanda suka zo da launinsu daga masana'anta. Rufinsu falle guda ne na takarda mai melamin, ya fi fomaika rauni, kuma idan ya ƙone sai dai a sauya allon.

Kada a jefa guntayen fomaika ko na waɗannan alluna a murhu. Hayaƙinsu yana ɗauke da guba, ciki har da fomaldihaid, wanda hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin abubuwan da ke haddasa kansa a 2004.

Me Ya Sa Jinkiri Ke da Haɗari a Dutse?

Yanayinmu yana jijjiga katako. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, katako da fomaika su tsuke. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, ɗakin girki mai rufin kwano ya fi haka, gam ya yi laushi. A watan Agusta kuma iska ta cika da laima, su kumbura. Da yake fomaika da katako ba sa motsi daidai da juna, gam ne ke shan wahalar ja-in-jar, duk inda zafi ya riga ya raunana shi kuwa nan zai fara saki.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta ƙaramin rami ruwan wanke-wanke ke sauka cikin katako. Katakon garin itace yakan kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba ya komawa. Laima tana gayyato fumfuna, wadda ke fitar da sinadaran narkar da selulos ta ci. Kyankyasai su sami maɓoya, gara kuma ta sami abinci mai laushi. Shimfiɗa ledar tebur don ɓoye tabo yana ƙara ta'azzara lamarin, domin tana kulle laima a ƙasa. Ramin da za a toshe da gam cokali guda a watan Mayu yana iya cin tebur sukutum kafin kaka.

Haƙƙin Mai Gida da na Ɗan Haya

A fiƙihun Musulunci, abin haya amana ne a hannun ɗan haya: ba ya biyan abin da ya lalace ta hanyar amfani na al'ada, amma yana biyan abin da ya ɓata ta hanyar sakaci ko wuce iyaka. Yarjejeniyoyin haya na zamani ma sukan bambanta tsufan yau da kullum da ɓarna. A nan ilmin kimiyya yana taimakon adalci. Bakin fomaikar da ya ɗago bayan shekaru na hunturu da damina tsufa ne. Baƙin da'ira mai siffar kasko kuwa shaida ce da ba ta buƙatar rantsuwa.

Saboda haka, ranar shiga gida a zagaya tare da mai gida ko dillali, a ɗauki hoton teburin da waya, a rubuta duk tabon da aka tarar. Idan ƙuna ta auku, a sanar da mai gida da wuri. Goge tabo da manna gefe ɗan haya zai iya yi da kansa, amma yanka, da dasa tayil, da sauya launi, sai da izini, zai fi kyau a rubuce. Shi ma mai gida ya yi la'akari da shekarun teburin, kada ya nemi kuɗin sabo a kan tsoho.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani, kuma yana hannunmu tun kaka da kakanni. Faifan da ake saƙawa da kaba cike yake da ƙananan guraben iska, iska kuwa tana cikin abubuwan da suka fi hana zafi wucewa. Faifai mai kauri ya isa ga tukunyar tuwo da butar shayi. Kaskon suya kuwa yana buƙatar guntun katako mai kauri, ko tayil da aka ɗora a kan katako, domin tayil shi kaɗai yana ɗaukar zafi ya miƙa ƙasa. Kurfoti da kaskon turare a ƙasa ya kamata su zauna. Ƙaramin murhun lantarki da risho a sa musu katako a ƙasa, kada kuma a yi guga a kan teburin girki.

Gwaje-gwaje Don Aji

Na ɗaya: a ƙarƙashin kulawar malami, a ɗumama ɗan kakin kyandir a cokali guda, farin ƙwai a wani. A bar su su huce, a sake ɗumamawa. Wanne ne ya sake narkewa? Wanne ya yi kama da gam, wanne ya yi kama da melamin?

Na biyu: a barbaɗa garin kyandir a wuri uku a kan guntun fomaika. A rufe na farko da murfin gwangwani, na biyu da faifai, na uku da katako. A ɗora kofin ƙarfe mai ruwan zafi a kan kowanne na minti 3. Kakin kyandir yana narkewa a wajen digiri 50 zuwa 60. A ina ya narke?

Na uku: a yanko dogayen guntaye biyu na fomaika. A ajiye ɗaya a busasshen wuri, ɗaya a rufaffen bokiti tare da jiƙaƙƙen tsumma, na kwana 3. A kwatanta lanƙwasarsu, a bayyana dalili.

Kammalawa

Mun ga cewa teburin fomaika haɗin takarda ne da ƙaro da gam da katako, kuma zafin tafasasshen ruwa gam yake sassautawa, na mai yana tayar da bororo, na garwashi yana mai da selulos gawayi. Dusashewa ana kankare ta, ɗagowa ana manne ta, babbakewa sai cikewa ko sauyawa. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai iya duban tabo ya faɗi abin da ya jawo shi da abin da ya dace a yi, ya kuma tsare wa iyayensa dukiya da mutunci a wurin mai gida.

Tambayoyi

1. Lissafa hawa uku na fomaika da aikin kowanne.
2. Me ya sa fatar mutum ke warkewa daga ƙuna amma fomaika ba ta warkewa?
3. Ƙididdige zafin da lita 3 ta ruwa za ta saki idan ta huce daga digiri 100 zuwa 40.
4. Ta yaya za a bambanta sakin gam da bororon cikin fomaika?
5. Bayyana dalilin da ya sa faifai ya fi murfin gwangwani tsare tebur daga zafi.